Kafin mu dasa, mu tambayi asalin iri

Jama'a, duk ranar 3 ga Agusta muna fitowa dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, a ce an dasa dubu kaza. Madalla. Amma akwai tambayar da ban cika jin muna yi ba: tsiron nan da aka rena a leda, daga itace nawa aka tsinko irinsa?

Ku dubi Ceinture verte, dajin da aka fara dasawa a gefen Yamai tun 1965. Galibinsa bedi ne, wato dogon yaro, sai turare. Bedi baƙo ne, daga yankin Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma, kuma iyaye ƙalilan ne suka haifi tarin da muke gani. A farkon shekarun 1990 bedi ya yi ta zubar da ganye yana bushewa a Nijar da arewacin Najeriya. Cikin abubuwan da masana suka zarga har da wannan kusancin jini. Itatuwan da suka fito tsatso ɗaya, rauninsu ɗaya ne. Cuta ko farin da ya ka da ɗaya yana iya ka da dubu.

Itatuwan gida ma sai an kula da haihuwarsu. Giginya, irin ta dajin Gaya, akwai namiji akwai mace. Namijin aka fi so don azara. To in aka sare mazan duka, da me matan za su yi ƴaƴa? In kuma duk ƙwallon da ya faɗo ya tafi muruci, ina magada?

Ni dai a ganina, adadi kaɗai ba ya yin daji. Masana gandun daji suna ba da shawarar a tara iri daga iyaye aƙalla 25 zuwa 30 masu nisa da juna, ba daga itace ɗaya na bakin titi ba don ya fi sauƙin kakkaɓa.

Saboda haka bana, kafin ƙungiyarku ta sayi tsiro, ku tambayi mai renon: ina ka samo irin? Ku gauraya da gawo, aduwa, magarya, kuka da tsamiya. Mu kuma matsa wa hukumomi su kare tsofaffin itatuwan da suka tsallake farin 1973 da na 1984 daga gatari da masu yanka filaye. Irinsu ne ya san ƙasar nan, kuma in suka tafi, babu kasuwar da za mu sayo shi.