Gutka Ba Al'ada Ba Ce, Guba Ce

Magidancin Karachi, kai da ba ka fita kasuwa sai da ƙunshin gutka a aljihu, da kai nake. Ka daina fakewa da cewa kakanninka ma sun tauna. Abin da kake cusawa a kunci tun safe har dare yana cin bakinka, kuma ka sani.

Ƙwayar da kuke kira caliya ko supari, 'ya'yan wata bishiya ce dangin kwakwa. Wasu na naɗe ta a ganyen pan tare da ƙullin farar ƙasa mai zafi da ake kira cuna. Wasu na sayen ta a haɗe da garin taba a 'yar leda, da sunan gutka, ko mawa, ko mainpuri. Tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya ƙwayar a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa ga ɗan Adam, ko da babu taba a cikinta. Saboda haka mai cewa tasa zalla yake ci, ba ya haɗawa da taba, kansa kawai yake yaudara.

Ɓarnar ba rana ɗaya take bayyana ba. Da farko haƙora su rine, su zaizaye, dasashi ya janye. Sai barkono ya fara ƙona baki, mutumin da ya tashi da biryani mai yaji ya koma neman abinci lami. Sannan fatar cikin kunci ta yi fari, ta sandare kamar busasshen ƙirgi. Baki mai lafiya yana ɗaukar yatsu uku a jere; na mai wannan cuta sai ya koma biyu, ya koma ɗaya, har cokali ya gagara shiga. Idan abin ya rikiɗe ya zama kansa, likitoci kan yanke muƙamuƙi, su ciro ƙashi daga ƙwauri su dasa a gurbinsa. Kansar baki tana sahun gaba cikin waɗanda suka fi kama maza a Pakistan, kuma Karachi na daga wuraren da ta fi ƙamari.

Duk da haka ba ka taka ƙafa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana ka barci. Gyambon baki ya yi mako biyu, uku, bai warke ba, kana shafa masa magani daga shagon unguwa kana cewa zafi ne. Kuɗin gutkar wata guda bai dame ka ba, amma na duba baki sau ɗaya ka ce tsada. Ga aswaki nan ana sayarwa a ƙofar masallaci, sunna ce da kake ji a wa'azi tun kana yaro, ka bar ta. Ka fito daga salla ka tsartar da jan yawu a bangon bene, a tashar mota, a ƙafar mai wucewa.

Laifinka mafi muni shi ne yara. Kai kake aiken ɗanka ya sayo maka, kai kake ba shi canji ya sayi supari mai zaƙi da ake jerawa kusa da alewa a bakin makaranta. Kafin ya yi gemu ya kamu, domin ƙwayar tana da sinadarin da ke sa jiki ya riƙa neman ta.

Gwamnatin Sindh, lardin da Karachi take ciki, ita ma ba ta fita daga zargi ba. A 2019 majalisar lardin ta haramta sarrafa gutka da mainpuri da sayar da su, amma har yau mai nema yana samu a lungu. Dokar da ake kama ƙaramin mai tebur a bar mai masana'anta ba za ta ceci bakin kowa ba.

Sai dai ɗan sanda ba zai shiga aljihunka ba. Jefar da ledar. Tsaya gaban madubi, ka gwada yatsu uku, ka duba cikin kuncinka da ƙarƙashin harshe. In ka ga farin tabo ko gyambo, tafi asibiti a makon nan, kuma kada ka ƙara aiken yaro shagon mai pan.