Sha Biyar Ga Maris

Bismillahi. Bayan haka, ran 15 ga Maris ta cancanci malamai su rubuta ta a gefen kundi. A cikinta aka kashe Yuliyas Kaisar a Rum, shekara 44 kafin Miladiyya, shi ne wanda sarakunan Rumawa suka gaji sunansa. Wannan labarin nesa ne.

Na gida shi ne na 1903. Ran nan da safe rundunar Nasara ta gamu da ta Sarkin Musulmi Attahiru a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Takobi da mashi ba su jure wa igwa ba. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gonaki da kasuwanni suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Zuriyar waɗanda suka tsira suna Mai Wurno ta Sudan. Waziri Buhari kuwa ya komo gari, don kada a bar Musulmi ba makiyayi. Shi ma ba ƙaramin kaya ya ɗauka ba.

Bayan shekara 56, a 1959, ran nan Jihar Arewa ta karɓi mulkin kai a hannun Sardauna Ahmadu Bello, jinin Shehu. Da gangan aka zaɓi ranar. Amma abin da aka mayar ba shi aka karɓe ba: halifanci aka rushe a Sakkwato, majalisa da ministoci aka bari a Kaduna. Lissafin ma na Nasara ne. A Hijira, Sakkwato cikin Zulhajji 1320 ta faɗi, mulkin kai ya zo cikin azumin 1378, shi ya sa hawan daba ya jira sai Mayu.