Wai Me Dambe Ya Tsare Muku?

'Yan'uwa marubuta, kusan duk littafin da na buɗe, ɗan dambe ko ɗan daba ne ko mashayi. Shin Ɗan Anace ɓata bakinsa ya yi da ya waƙe Shago?

Ni malamin sakandare ne a ƙasar Ɗambatta. Shekara uku wani shugaban makaranta yana ci mini mutunci a gaban ɗalibai, ni kuwa sai sunkuyar da kai, wai haƙuri. Ina haƙuri, tsoro ne tsagwaronsa! Da kaka ta yi, aka girbe gero, na sami wani mahauci ya naɗa mini zare a hannu. A turmin farko ya kashe ni, gwiwa a ƙasa, yara na ta shewa. Na sake komawa, har na iya tsayuwa da kallon mutum ido cikin ido.

Ban taɓa ɗaga wa shugaban hannu ba, kada a yi mini ƙazafi. Cewa kawai na yi, "Ranka ya daɗe, a ofis za mu yi wannan magana." Muryata ba ta yi rawa ba. Shi ya fara kau da kai.

To a wane littafinku zan tarar da irin wannan?