Danna maɓalli ba ƙira ba ce

A Turai da Japan akwai masu sha'awar haɗa ƙananan jirage da motocin roba, irin na kamfanonin Airfix na Ingila, Heller na Faransa da Tamiya na Japan. Mutum zai yanka, ya kankare, ya manna, ya shafa fenti, makonni yana kan jirgi guda. Yanzu na'urar 3D ta shigo musu, wadda ke ɗora roba shimfiɗa bisa shimfiɗa har siffa ta tashi. Tun 2009, da haƙƙin mallakar fasahar narka zaren roba ya ƙare, ta yi araha, ta shiga gidaje.

Masu yabonta na cewa kowa ya zama maƙeri. Ƙarya ne! Wanda ya auna, ya zana a kwamfuta da kansa, na sara masa. Amma mai ɗauko zanen wani daga intanet ya danna maɓalli, me ya ƙera? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ke damuna, ni malamin makaranta, lissafi ne. Jirgin Spitfire faɗin fukafukinsa mita 11 da ɗoriya. A ma'aunin 1/72 ya koma kusan santimita 16. Mai ƙira sai ya raba. Yaronmu mai motar kara ma yana gwada taya da gangar jiki. Ranar da na'urar ta iso makarantunmu, kada a ba yaro maɓalli sai ya nuna awonsa a takarda.