Shakahola da Faston da Ba Wanda Ke Iya Tsawata Masa

A watan Afrilun 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola, kusa da Malindi a ƙasar Kenya, kuma adadinsu ya haura 400, da yawa daga ciki ƙananan yara. Ana tuhumar Paul Mackenzie, tsohon direban tasi da ya kafa cocin Good News International a 2003, da umartar mabiyansa su daina cin abinci har mutuwa domin su sadu da Yesu. Ya musanta laifin a gaban kotu.

Mai ilimi kan ɗauka jahilci ne kaɗai ke kai mutum irin wannan rami. Wannan zato yana da daɗi, amma hatsari ne. Mackenzie bai fara da yunwa ba. Ya yi shekaru yana wa'azi cewa makarantar boko da asibiti ayyukan Shaiɗan ne, har aka kama shi a 2017 kan hana yara karatu. A 2019 ya rufe cocin, mabiya suka bi shi daji. Kowane mataki ya kawar da wani mai iya cewa a'a: malamin makaranta, likita, dangi, maƙwabci. Sa'ad da umarnin azumin ya zo, murya ɗaya ta rage a kunnen mai bi.

Shi ya sa auna shugaba da daɗin wa'azinsa ko yawan mu'ujizansa ma'auni ne mai rauni. Mayaudari ma ya iya jawo aya. Tambayar da ta fi amfani ita ce wa ke da ikon tsawata masa, kuma me ke faruwa da wanda ya yi masa gardama. Idan tambaya kan kuɗin baiko ta zama tawaye ga Allah, an riga an kama hanyar daji, ko da majami'ar tana tsakiyar birni.

Ikilisiyar farko ba ta ɗauki bincike a matsayin rashin bangaskiya ba. Littafin Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya koyar cewa manzon da ya sauka gidan masu bi ya kwana uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Ayyukan Manzanni sura 17 kuwa ta yabi mutanen Biriya domin kullum suna duba Nassi su ga ko abin da aka faɗa musu gaskiya ne, alhali mai wa'azin da suke bincika ɗin Bulus ne da kansa.