Sunanka Naka Ne, Aiki Kuwa Amana Ne

'Yan'uwa cikin Almasihu, tun bayan rikicin 2000 da na 2002, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Iyalai da yawa na masu bi sun koma Sabon Tasha, Narayi da Barnawa. Amma manyan ofisoshin gwamnati, bankunan titin Ahmadu Bello, asibitin Barau Dikko da babbar kasuwa duk suna arewacin kogi. Mu da muka rage a Kawo, Malali da Unguwan Rimi, da waɗanda suke haye gada kowace safiya, muna neman abinci ne a inda ba mu da yawa.

Tsoro ya koya wa waɗansunmu ɓoye kai. Wani yana gajarta sunansa don kada a gane addininsa. Wata ba ta amsa gaisuwar ɗan garinsu da harshen Bajju ko Gbagyi idan akwai mutane. Wani kuma idan an tambaye shi inda ya je ranar Lahadi, sai ya ce unguwa. Mun san abin da ya jawo haka, ba ma yi wa kowa ba'a. Amma mai ɓoye kansa sa'a takwas kullum yakan gaji, abokan aikinsa kuma ba sa sake jiki da shi, gama ba su san ko shi wane ne ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana nuna bambanci.

Akwai kuma waɗanda suka wuce gona da iri. Sun mai da tebur bagade, suna gardamar addini a lokacin aiki, suna tsallake layi saboda ɗan ikkilisiyarsu. Wannan ba shaida ba ce, cin amana ne. Albashinka na yi wa kowa hidima ne.

Mu tuna da Daniyel a Babila. Bai ɓoye addu'arsa ba, maƙiyansa kuwa sun bincika aikinsa ba su sami laifi ba. A nan gida ma, Patrick Yakowa ya yi shekaru yana aikin gwamnati da sunansa, har ya zama mataimakin gwamna a 2005, gwamna a 2010. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun fara aikin sulhu tare tun 1995, ba wanda ya bar addininsa.

Saboda haka, ka faɗi cikakken sunanka. Ka nemi hutun Kirsimeti a fili, kuma da wuri. Ka riƙe wa abokin aikinka wurinsa idan ya tafi Juma'a, ka yi masa barka da Sallah. Ka zo a kan lokaci, kada fayil ya kwana a hannunka don neman goro. Wanda ya tambaye ka game da bangaskiyarka, ka amsa masa da tawali'u, sa'an nan ku koma aiki.

Dattawa, nauyi yana wuyanku. Ku zauna da matasanmu masu fara aiki da masu bautar ƙasa, ku ji abin da suke fama da shi, ku haɗa su da tsofaffin ma'aikata na ikkilisiya. Wanda aka danne wa hakki saboda sunansa, kada a bar shi shi kaɗai. Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali. Amin.