Gonar Dawar Gaomi da Masu Raina Wuri a Ƙagaggen Labari

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a nazarin ƙagaggen labari, kuma lokaci ya yi da za mu fito fili mu yi tir da ita. Idan ɗalibi ya ɗauki littafi zai feɗe, sai ya cika shafi goma a kan jigo, biyar a kan taurari, wasu biyar a kan salon sarrafa harshe. Da ya iso kan wurin da labarin ya auku, sai ya sallame shi da layi guda, wai a ƙauye aka yi, ko a birni. Mai duba aikin kuma ya ba da maki, a wuce. Haka wasu marubutanmu suke gina labari a unguwar da ba ta da rijiya, ba ta da kasuwa, ba a san abin da mutanenta suke nomawa ko suke ci ba. Mu a ganinmu wannan babban kuskure ne, kuma domin mu kafa hujja za mu yi nisan kiwo zuwa ƙasar Sin.

Mo Yan marubuci ne da aka haifa a 1955 a gundumar Gaomi ta lardin Shandong, ɗan manoma, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 2012. Littafin da ya fito da sunansa, wanda ma'anar sunansa ita ce Jar Dawa, ya fara fitowa a 1986, aka haɗa sassansa biyar a 1987, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1993. Jika ne yake ba da labarin kakanninsa a zamanin da Japanawa suka mamaye ƙasar. Wurare uku ne suka riƙe labarin: gonar dawa, da gidan dafa giya, da titin mota.

Mu fara da gona. Duk wanda ya taɓa shiga gonar dawa gab da kaka ya san takan haɗiye mutum, ko ƙeyarsa ba a hange. Wannan sifa ita marubucin ya ɗora labarinsa a kanta. An aurar da kakar mai ba da labari tana da shekara 16 ga kuturu, ɗan mai gidan giya, ubanta ya karɓi alfadari. A cikin gari ba ta da bakin magana, domin a can iko na uba ne da mai dukiya. Amma hanyar da ke tsakanin gidan uban da gidan mijin ta ratsa ta cikin dawa, kuma a nan ne Yu Zhan'ao, ɗaya daga cikin ƙartin da suka ɗauko ta ranar kai amarya, ya sure ta. A cikin dawar nan 'yan fashi suke ɓuya, a cikinta manoma suka yi wa motocin Japanawa kwanton ɓauna kusa da gada a 1939, a cikinta kuma kakar ta cika bayan harsashi ya same ta tana kai wa mayaƙan abinci. To, a nome gonar nan a shuka gyaɗa, a gani ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura zai yiwu. Ashe ke nan tsayin kara yana cikin abin da ya haifi jigo.

Gidan giya kuwa shi ne inda ake juya dawa ta koma dukiya. Bayan an kashe mijin da ubansa, yarinyar da aka musanya da alfadari ta zama uwar ɗakin ma'aikata. Wato katangar da aka kawo ta a kulle a ciki ita ce ta zama fadarta. Ba sai marubucin ya yi mana wa'azi a kan matsayin mace ba; sauyin da ya sami gidan ya wadatar.

Sai titi, wanda shi ne baƙo a cikin ukun. Japanawa ne suka tilasta wa mutanen ƙauye aikin gina shi, suka kwashe musu dabbobi, aka tattake dawa domin ya sami wurin wucewa. Ta dalilin wannan aikin tilas ne aka kama tsoho Luohan, shugaban ma'aikatan gidan giya, aka sa mahaucin gari ya feɗe shi da ransa a bainar jama'a. Gona tana rufa asiri, titi yana tonawa, kuma rikicin littafin kakaf yana tsakanin waɗannan biyu.

Daɗin daɗawa, wurin ne ya riƙe zubi da tsari. Mai ba da labari ba ya bin jerin shekaru. Yakan bar yaƙi ya koma ranar biki, ya tsallako zamaninsa, ya sake komawa. Abin da ya hana mai karatu ɓata shi ne duk inda aka juya ƙasar nan ce dai, da koginta da gadarta. A ƙarshe jikan ya dawo gida ya tarar an maye gurbin jar dawa da gajeren irin zamani da aka kawo daga tsibirin Hainan. Ƙyamar da ya yi wa wannan iri ita ce hukuncinsa a kan tsararsa, waɗanda yake ganin ba su kama ƙafar kakanninsu ba. Wanda bai kula da gona tun farko ba, ina zai fahimci wannan rufewa?

Mun san za a ce mana littafin cike yake da giya da zubar da jini da abubuwan da tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kwaikwayi halin taurarinsa ba. Wanda ya je koyon gini ba ruwansa da abin da masu gida suke dafawa. Za a kuma ce ina ruwan Bahaushe da ƙauyen Sinawa. Amsarmu ita ce, mutumin da ya sanar da duniya gundumarsa ya yi haka ne da amfanin gonar da muke tuƙa tuwo da shi kullum, alhali mu muna jin kunyar saka rumbu da burtali a labari, muna ganin sai falo da mota ne adabi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da malamai da a ba wuri babinsa a kowane nazari. A tambayi littafi: wa yake da iko a wannan wuri, me wurin yake ɓoyewa, me zai rushe idan aka ɗauke labarin aka kai shi wani gari? Idan amsar ita ce babu abin da zai rushe, to marubucin bai gama aikinsa ba, kuma haƙƙin manazarci ne ya gaya masa haka.